RANAR SALLAMA DA AGOGO

   

Yau maganarmu a kan ƙaramin abu ce, wanda bai fi goro biyar ko shida nauyi ba, amma ya kan hana babban mutum barci. Agogon hannu na ke nufi. Ba irin na roba da yara ke talla a bakin titi ba, a'a, mai tsadan nan da ka ke ɓoyewa a gindin akwati cikin tsumma mai laushi. Watakila kana da uku ko huɗu. Akwai Seiko na zuwa kasuwa, akwai Rado da tsohonka ya zo da shi daga Makka, sa'an nan akwai guda ɗaya, ko Omega ko Rolex, wanda ba ya ganin rana sai ran salla ko ran biki. Shi ne ka fi so. To, ya kai mai karatu, rana tana zuwa da za ka rabu da shi. Ko ka sayar, ko ka jinginar, ko ka bayar kyauta, ko kuwa a kwance shi daga hannunka ba ka sani ba. Cikin huɗun nan ba makawa sai ɗaya ya faru. Ina so mu yi shawara tun ranar ba ta zo ba.

Kada kowa ya yi maka dariya don rabuwan nan tana yi maka zafi. Riga a kan tuɓe, mota a kan bar ta a waje, amma agogo yana manne da fatarka tun daga asuba har kwanciya. Ko wane ƙarzane da ke jikinsa ka san inda ya same shi. Wannan a tashar mota ne, wancan ran da aka haifi ɗanka na fari ka buge shi da ƙofa garin sauri. Har wa yau, da yawa cikin waɗanda ba su da batir, da motsin hannunka su ke rayuwa. Akwai wani ƙarfe a cikinsu mai kamar rabin wata, in ka motsa hannu sai ya juya, ya naɗe sifirin, sifirin kuwa ya tura ƙafafun. Kamfanin Rolex ya fito da irin nasa a 1931. In ka ajiye irin wannan agogo kwana biyu ko uku ba ka ɗaura ba, sai ka tarar ya tsaya cik. Watau kamar dabba ce da ka ke kiwo. Wanda ya taɓa sayar da dokinsa ya san abin da na ke faɗi. Maƙwabtanmu Ewe ma sunan da su ke kiran agogo ma'anarsa ƙarfe mai buga kansa. Mu kuwa daga bakin Yarabawa muka aro namu sunan, gama a wurinsu agogo ƙararrawa ce.

Ban da ƙauna, akwai wani dalili da ya sa mutanen Zongo ke ajiye irin wannan abu, kuma dalilin ba wauta ba ne. Baƙo ba ya zuba dukiyarsa duka a ƙasa. Kakanninmu da suka zo bakin tekun nan da shanu da goro sun san abin da za ka iya ɗauka ka tashi da shi, shi ne naka na gaske. Tsofaffi cikinku suna tune da 1977, shekarar da hukuma ta rushe tsohon Zongo na cikin gari, aka ce mutane su koma can arewa da birni, nisan wajen kilomita 15, a kan hanyar da ta nufi Atakpame. Waɗansu suka tafi, waɗansu suka watsu cikin unguwanni suna haya. A ran nan gini bai bi mai shi ba, amma abin da ke wuya da abin da ke hannu sun bi. Ga kuma 12 ga Janairu 1994, ran da aka karya darajar sefa. Da dare faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, gari ya waye ya zama 100. Mai kuɗi cikin buhu ya tashi da rabin dukiyarsa in zai sayi kayan waje, mai zinariya da agogon Suwizalan kuwa bai rasa kome ba. Cikin Janairu 2013 kuma wuta ta cinye babban ginin kasuwar Lome, ta Asigame, kwana kaɗan bayan ta cinye kasuwar Kara. Wanda jarinsa ya zama toka a daren, da me zai sake tashi im ba da abin da ya ajiye a gida ba?

Saboda haka ba na ce maka ajiye agogo laifi ne ba. Rumbu ne ƙarami. Amma rumbu don yunwa a ke yinsa, mai rumbun da ya bar 'ya'yansa da yunwa don kada ya taɓa hatsi kuwa, kun san sunan da a ke kiransa.

A nan Tokoin ba sai an yi mana dogon bayani ba. Babban asibitin ƙasa a unguwarmu ya ke, wanda yanzu a ke kira da sunan Sylvanus Olympio. Mutane na zuwa daga ko ina, har daga arewa mai nisa. Tsaya a bakin ƙofarsa da magariba ka duba fuskoki. Ga mutum da takardar magani a hannu, an ce a yi wa matarsa aiki da safe, aljihu kuwa ya ƙare. A nan ne ya kan tuna da abin da ke gindin akwati. Ya ruga gida, ya ɗauko, ya nufi wanda ya san yana da kuɗi a hannu a daren. Shi kuwa mai saye ya ga jan ido, ya ga rawar jiki, ya san ba za a yi ciniki ba. Abin da ya kai miliyan biyu sai a karɓe shi a jaka ɗari uku. Mai agogo ya yi daidai da ya fifita rai a kan ƙarfe, wannan ba shakka. Amma an cuce shi, kuma tun ba a daren aka fara cutarsa ba. Tun shekarun da ya yi yana riƙe da abin bai taɓa tambayar darajarsa ba, bai gaya wa kowa yana da shi ba, bai yarda a ransa cewa ranar za ta zo ba.

Abin da na ke so in sa a kunnenka ke nan. In za ka rabu da agogo, rabu da shi da rana tsaka. Da hannunka, da saninka, a gaban mutane. Bari in ba ka labarin agogo biyu da aka sayar cikin shekara guda, 2017, ka ga bambanci.

Na fari na Haile Selassie ne, Sarkin Habasha. A 1954 ya kai ziyara Suwizalan, aka ba shi kyautar agogon zinariya na kamfanin Patek Philippe, mai baƙar fuska, mai nuna rana da wata, har ya san shekarar da Fabrairu ke kwana 29 ba sai an gyara masa ba. Aka zana tambarin sarki a bayansa. Shekaru suka wuce. A 1974 soja suka tumɓuke shi, a 1975 ya rasu yana tsare a hannunsu. Sai ga shi a 2015 agogon ya ɓullo a gidan gwanjo na Christie's a birnin Janeba. Masu gwanjo suka ce sarki da kansa ya ba wani babban mutum na Afirka shi kyauta, zuriyar mutumin ce kuma ta kawo shi sayarwa. Jikokin sarki suka ce faufau, ba su yarda ba, cikin kayan da aka wawashe ne bayan juyin mulki. Ana gab da buga ƙararrawa cikin Nuwamba aka janye shi, magana ta tafi gaban alƙalai. Sai cikin Mayu 2017 aka sake fito da shi, aka sayar wajen faran miliyan 2.9 na Suwizalan. Mutum guda ne da zai kashe gardaman nan da kalma ɗaya, shi kuwa ya yi shekara 40 a kabari. Dubi sarki guda, mai magatakarda da fadawa, amma agogonsa ya fita daga hannunsa ta hanyar da har jikoki ba su daina jayayya a kanta ba. In haka ta sami na sarki, ina ga naka da nawa?

Na biyu na wani Ba'amurke ne, Paul Newman, shahararren ɗan wasan siliman. Mutumin yana son tseren mota, matarsa Joanne Woodward kuwa tsoron tseren ta ke yi. Sai ta saya masa Rolex na ƙarfe, irin da a ke kira Daytona, ta sa aka zana masa 'yar magana a baya, tana roƙonsa ya yi tuƙi a hankali. Ka ga agogo mai dalilin ƙauna ke nan. Ya ɗaura shi wajen shekara 15, an ɗauke shi hoto da shi ba iyaka. Ran nan, cikin 1984, wani saurayi da ke neman 'yarsa Nell yana gyara musu 'yar bukka a bisa itace a gidansu. Newman ya zo ya tambaye shi ƙarfe nawa. Yaro ya ce shi ba shi da agogo. Nan take dattijo ya kwance nasa ya miƙa masa, ya ce in dai zai tuna ya riƙa wana shi, yana riƙe lokaci sosai. Shi ke nan. Ba ɓoyo, ba raɗa, 'yarsa ta sani, gida ya sani.

Auren bai yiwu ba, amma zumunci bai yanke ba. Newman ya rasu a 2008. Da mutumin ya tashi sayar da agogon, Nell ta rubuta takarda da hannunta ta shaida cewa ubanta ne ya ba shi. Ran 26 ga Oktoba 2017, a gidan gwanjo na Phillips a New York, aka yi minti 12 ana tayi, aka sallama a dalar Amurka miliyan 17.8. Wani kashi na kuɗin ya shiga asusun taimakon da Nell ta kafa. Ba ƙara, ba alƙali. Agogon ƙarfe ya ninka na zinariyar sarki wajen sau shida, kuma 'yar takardan nan ta shaida tana cikin abin da aka saya.

To, kada ka ji wannan ka tashi da gudu ka buɗe akwati kana lissafin miliyoyi. Na san halin mutane! Kuɗin nan ba na ƙarfen ba ne, na sunan wanda ya ɗaura ne. Marigayi Fafaroma Francis yana da wani agogon roba na Swatch mai araha. Ya ba da shi don a tara wa 'yan makaranta kuɗi, aka yi gwanjonsa a Amurka a 2022, ya kai dala 56,250. Irinsa sak yana cikin kanti ba mai waiwayarsa. Ni da kai ba wanda zai biya don gumin hannunmu. Kasuwar tsofaffin agogo kuma hawa da sauka ta ke kamar ta goro. Ta yi tashin gwauron zabi har farkon 2022, daga nan ta yi ta gangarowa fiye da shekara biyu, waɗanda suka saya da tsada don su ci riba suka ciji yatsa. Abin da aka gaya maka bara ba lalle shi ne na bana ba.

Saboda haka abu na fari, san abin da ke hannunka tun kana lafiya, ba ka bukatar ko dala. Ko wane agogo na kirki yana da lambarsa shi kaɗai. A tsofaffin Rolex tana ɓoye a gefe, wajen ƙarfe shida, sai an cire maɗauri a ke ganinta. A na baya-bayan nan tana zane a zoben da ke kewaye da fuska ta ciki. Waɗansu kamfanoni a baya su ke sa ta, ko a jikin injin. Rubuta ta a littafi, ka ɗauki hoton agogon gaba da baya, ka ajiye dabam. Manyan masu saye a Turai su kan duba lamban nan cikin rajistar kayan sata kafin su biya, kai ma in ɓarawo ya ziyarce ka, ita ce shaidarka wurin 'yan sanda.

In an ce maka na zinariya ne, nemi hatimi. Inda ka ga an buga 750, ma'anarsa cikin kashi 1,000 kashi 750 zinariya ce tsantsa, watau karat 18. In babu, mai yiwuwa ruwan zinariya aka shafa wa jan ƙarfe, da ka duba gefen da ke gogar riga sai ka ga launi ya koɗe. Duwatsun da a ke rubutawa a fuska kuwa, 17 ko 21 ko 25, kada wani ya ruɗe ka da su. Jajayen ƙwayoyi ne ƙanana da a ke yi a masana'anta, a sa su inda bakin ƙafafu ke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Aikinsu babba ne, amma in ka tara su duka ba za su saya maka buhun masara ba.

Jabu kuma ya cika duniya, tashar jirgin ruwan Lome kuwa ba abin da ba ya sauka cikinta. Dā a kan gane jabu da nauyi, ko da tafiyar siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa, gama na batir tsalle ya ke yi ɗaya ɗaya, na sifirin kuwa bugu biyar zuwa takwas ya ke yi cikin daƙiƙa guda, sai ka ga kamar sulalewa ya ke. Yanzu masu jabu sun koyi wannan ma. Sai an buɗe baya gwani ya duba ciki. Abin baƙin ciki ne mutum ya yi shekara 20 yana dogara ga abu, ran da ya kai shi kasuwa a ce masa ba na gaske ba ne. Gara ka ji wannan yau da ka ji shi a ƙofar asibiti. In za a buɗe, ka tsaya a wurin, idonka a kan hannun mai gyara har ya rufe. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma an sha musanya injin mai kyau da na banza a bayan mai shi.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. In ka yi niyyar sayarwa, kada ka kai shi a goge maka shi ya yi ƙyalli. Mu a nan mun saba mai sheƙi shi ne mai kyau, amma masu tara tsofaffin agogo ba haka su ke gani ba. Gugar inji tana cin ƙarfe, tana kashe kaifin gefe, ba ya kuwa dawowa. Fuskar da ta tsufa ta yi launin ƙasa, in ka sa aka sake fentinta ko aka musanya ta da sabuwa, ka zubar da kuɗi da yawa da hannunka. Bar shi da tsufansa. Akwatinsa da takardar da aka ba ka ran saye, har da guntayen maɗaurin da aka rage don ya yi daidai da hannunka, nemo su duka, gama ko wannensu yana ƙara tayi. Sai dai ka tuna a bakin teku mu ke. Iskar gishiri da laimar damina ba su san mai tsada ba. Zoben robar da ke hana ruwa shiga ya kan bushe, man da ke ciki ya kan daskare. In ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, tsatsa ta kama hanya. Agogon da ka kulle shekara goma kana cewa ajiya ce, watakila raguwa ya ke yi a duhu.

Sa'an nan ciniki. Kada ka nuna wa mutum ɗaya. Nuna wa uku, waɗanda ba su san juna ba, kada kuma ka gaya wa na biyu abin da na fari ya taya. In kana da yaro mai karatu, sa shi ya duba cikin intanet nawa aka sayar da irinsa, mai lamba iri ɗaya, ba nawa a ke nema ba, gama nema dabam, sallamawa dabam. Ka rage wani abu daga ciki, don mai saye a Lome shi ma sai ya kai shi Ankara ta Gana ko Ikko ko Turai kafin ya ci riba. In da dillali, ku yanke la'adarsa tun da fari a gaban shaida. Kada ka bar agogo ya kwana a hannun wanda ya ce zai kai wa wani Alhaji ya gani. Alhajin ya zo, ko kai ka tafi da ƙafarka. Ran biya kuwa, a zauna da rana a wurin da mutane ke wucewa, shaidu biyu, a ƙirga kuɗi, a rubuta takarda biyu da sunan agogo da lambarsa da kuɗin da kwanan wata, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya.

Akwai kuma abin da ke kanka kai mai sayarwa. Ka ƙi a cuce ka, to, kada ka cuci wani. In yana rage minti uku kullum, faɗi. In ya taɓa shan ruwa, faɗi. In maɗaurin ba nasa na asali ba ne, faɗi. Mai saye ba zai gani a ranar ba, amma Allah yana gani, kai ma ka sani. Kuɗin da za ka kai wa mai magani don ran matarka, ka so a ce da ƙarya a cikinsa?

Jingina kuwa, ni ban cika sonta ba. Mutum ya kan zaɓe ta don zuciyarsa ta kasa sallamawa, ya ce ai wata biyu ne in fanso abina. A ba shi sulusin daraja, ruwa ya yi ta hawa, wata biyu su zama shekara, daga baya agogo ya tafi a sulusin nan, ga kuma abin da ya riga ya biya a banza. In ka san a ranka ba ka da hanyar fansa, sayar gaba ɗaya ka karɓi cikakken kuɗinka. In kuwa lalle kana jiran kaya a hanya ko wani biya tabbatacce, to, a rubuta ranar fansa da abin da za a biya, da abin da zai faru in ranar ta wuce.

Saura maganar da ta fi wuyar faɗi, ta gādo. Gona a kan raba, shanu a kan ƙirga, kuɗi a kan kasa. Agogo fa? Ba a yanka shi uku. Uba ya kan ce wa ɗa guda a asirce, wannan naka ne bayan raina. Ya ce wa wani ɗan haka a wata rana, don ya ji daɗinsa. Ran da aka dawo daga maƙabarta sai a buɗe akwati, ko a tarar babu, ko a tarar da shi mutum biyu na rantsuwa a kansa. 'Yan'uwa ciki ɗaya su daina gaisawa saboda abin da bai kai tafin hannu ba. Malaman Zongo za su gaya maka, bisa ga shari'ar da su ke bi, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai bayarwa ya mutu, ta koma cikin gādo. A gaban alƙalin gwamnati ma maganar baka da ba shaida ba ta da ƙafa. Saboda haka in ka yi nufin wani da shi, kira shi yau, kira 'yan'uwansa da uwarsu, ka ɗaura masa da hannunka, ka faɗi dalili kowa ya ji. Za ka sami abin da mamaci ba ya samu, watau ka gan shi a hannun yaron yana duba lokaci. In kuwa ka ga bayarwar za ta kawo gaba, sayar tun kana da rai, ka biya wa jikoki kuɗin makaranta, ko ka rufe ɗakin da ke yoyo.

Wanne za ka fara fitarwa in kana da da yawa? Mutane su kan fara da ƙanana, su sayar da wannan, su sayar da wancan, suna kewaye babban kamar mai kewaye rijiya, har ƙananan su ƙare bukata ba ta biya ba, sa'an nan dole a taɓa shi. A ganina a auna bukata tukuna. In babba ce, fitar da babban sau ɗaya, ka riƙe Seikon da ke kai ka kasuwa a kan lokaci. Ka kuma gaya wa uwargida kafin ka fita da shi, ba bayan ka dawo ba. Sau da yawa ita ta san wanda zai taya da mutunci, wani lokaci ma tana da 'yar ajiyar da za ta sa ba sai an sayar ba.

Za ka ji zafi, ba na ɓoye maka. Kwana da kwanaki za ka riƙa ɗaga hannu ka duba, ka tarar da farin zobe a fata inda rana ba ta taɓa ba. Cikin 'yan makonni launin zai daidaita. Kafin ka miƙa shi, share shi da tsumma mai laushi, ka wana shi, ka daidaita shi da lokacin rediyo. Nuna wa sabon mai shi yadda a ke murɗa kan a rufe shi gam don kada ruwa ya shiga, ka gaya masa shekarar da aka yi masa mai na ƙarshe. In Gana ya nufa, lokacinsu ɗaya da namu, kada ya taɓa kome. In kuwa Kwatano zai bi ya wuce Kano ko Maraɗi, tuna masa ya ƙara awa ɗaya da zarar ya ƙetare iyaka a Hilakondji.